Sun Sani, Suka Yi Shiru: Musayar Waƙa Kan Kisan Ƙare-Dangi

Mai Alƙalami:
Assalamu alaikum. Afrilu ya kama, watan makokin Ruwanda. Ga nawa baitocin, wanda zai amsa ya riƙe mana amsa-amon "ya".

Bismillahi Mai halittar rai,
Ya yi mu ƙabilu, launuka sarai,
Don mu san juna ne kawai,
Ba don a ɗau adda a fille kai
Na uwa ba, ɗanta ya zam maraya.

Bayan da Nazi suka yi ta'asa,
Yahudawa miliyan 6 suna ƙasa,
A 1948 ƙasa da ƙasa
Suka rantse ba za a sake barin kisa
Na ƙare dangi ba, ga yarjejeniya.

A 1994 Ruwanda ta kama wuta,
An harbo jirgin Shugaba Habyarimana, sai mugunta
Ta fito fili, aka wasa adda da ƙeta,
Kwana 100, maza da yara da mata,
Rai 800,000, ina kike, duniya?

Tsohon Soja:
Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka tana da amsa, amsar ce ba daɗi.

Malam, duniya na nan, idonta biyu,
Ba barci take ba, ta san gaskiya.
Janar Dallaire, mutumin Kanada,
Shi ke riƙe da sojan zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya.
Ran 11 ga Janairu ya aika hedkwatarta, Niyu Yok:
Ga makamai can an kai su ajiya,
Ana ta rubuta sunayen 'yan ƙabilar Tutsi,
Ku ba ni izini in tona maɓoya.
Aka ce masa kul, ba aikinka ba ne,
Gaya wa shugaban ƙasa, ka koma baya.
Da aka kashe sojan Beljiyam 10,
Sai ta kwashe nata gaba ɗaya.
A makarantar Kicukiro dubban mutane
Sun raɓu da soja suna neman kariya,
Ran 11 ga Afrilu soja suka hau mota,
'Yan daban Hutu, Interahamwe, na tsaye bakin hanya.
Ran 21 Kwamitin Sulhu ya zauna,
Ya rage dakaru zuwa 270, babu kunya.
Na sa kaki, na san nauyin umarni,
Irin wannan kuwa yana ƙona zuciya.

'Yar Malam:
Baba Soja, Allah ya ƙara girma. Laifin Niyu Yok na nan daram. Sai dai wanda ya riƙe addar maƙwabci ne, ya san sunan kowane yaro a gidan da ya shiga.

Baba, kafin adda akwai baki,
Rediyon RTLM ya yi aiki,
Ya kira Tutsi kyankyasan ɗaki,
Har maƙwabci ya daina jin mamaki
In an ce ya share su da tsintsiya.

Tun mulkin mallaka aka sa a kati,
Ƙabilar kowa, da hatimin gwamnati,
A shingen hanya, a bakin titi,
Kati za a duba, cikin minti
Guda a raba mai mutuwa da mai tafiya.

Hutun da ya ƙi, shi ma bai sha ba. Firaminista Agathe Uwilingiyimana Bahutuwa ce, ran farko aka kashe ta.

Ɗalibi:
Gaskiyarki, Yaya. Shekara guda kacal bayan Ruwanda fa.

Masu cewa don baƙar fata ne aka ƙyale,
Su leƙa cikin Turai, ƙasar Bosniya.
Sirebirenika, Majalisa da bakinta
Ta ce tudun-mun-tsira ne, a zo a ɓuya.
Yulin 1995 Janar Mladic na Sabiyawa ya shigo,
Sojan Holan suka ja da baya.
Aka zuba mata a cikin bas-bas,
Maza da samari aka tara waje ɗaya.
Musulmi sama da 8,000 cikin kwanaki,
Ba wanda aka yi wa ko da tambaya.
Aka tura rami, aka dawo da katafila,
Aka tono aka watsa don a binne gaskiya.
Har yau uwa na karɓar ƙashin hannu,
Ta yi masa sutura kamar ya rasu jiya.

Barista:
Ƙanena, baitinka na ƙarshe ya sa ni hawaye. Bari in ce wani abu kan kotu.

Kotu ta makara, ban musa ba,
Ba ta tayar da gawa ko guda ba,
Amma a kotun Ruwanda a Arusha ba a yi wasa ba,
A 1998 Akayesu, magajin gari, bai tsira ba,
Ta ce fyaɗe ma ƙare-dangi ne, ji duniya.

Kambanda firaministan Ruwanda ya amsa laifi,
Karadzic, jagoran Sabiyawan Bosniya, da Mladic, masu ƙarfi,
Sun yi shekaru a ɓoye mai zurfi,
Hukuncin Heg ya same su da kaifi,
Rai-da-rai, an toshe bakin masu ƙarya.

Tsohon Soja:
Barista, ban raina aikinku ba, wallahi. To amma Darfur fa?

A 2003 Janjawid bisa doki da raƙumi,
Fur, Masalit, Zagawa suka sha wuya.
A 2005 shugabanni suka yi alkawari,
Inda gwamnati ta kasa za su ba da kariya.
Sammacin Albashir ya fito tun 2009,
Ya yi ta yawo ƙasa-ƙasa lafiya.
An hamɓarar da shi a 2019,
Heg ba ta gan shi ba ko sau ɗaya.
A 2023 ga Aljinaina, Masalit dai,
Gawa a titi, saura sai Cadi da tafiya.
Ƙasashe 5 masu kujerar na-ƙi,
Kowa na auna jini da ma'aunin moriya.
Siriya ce ko Gaza, hannu guda ya ɗagu,
Shi ke nan ƙuduri ya faɗa rijiya.

'Yar Malam:
Haka ne, Baba. Amma akwai ranar da manya suka noƙe, ƙaramar cikinsu ta miƙe.

Agustan 2017 aka ƙone ƙauyuka,
Sojan Miyamma suka salwantar da rayuka,
Rohinja 700,000 da ɗoriya, cikin kuka,
Suka ƙetara Bangaladash, ba gida sai bukka,
Wa ya kai ƙara Heg? Ƙaramar Gambiya.

Ba maƙwabta ba ne, ga teku ga nisa,
A 2019 ta ce sai Miyamma ta amsa,
Don wajibi ne a kan kowace ƙasa
Da ta sa hannu, ta hana, ta hukunta kisa,
Ko a ina aka yi shi a faɗin duniya.

Mai Alƙalami:
Madalla da ku. Ba mu taɓo Kambodiya ba, inda mulkin Pol Pot ya ci rai kusan miliyan 2 daga 1975 zuwa 1979, ya kuma mutu a 1998 ba tare da wata kotun duniya ta gurfanar da shi ba. Haka Yazidawan Sinjar a 2014. Wanda ya san labarinsu ya karɓa daga nan.