Zan iya zaga Amsterdam a kan keke da doguwar riga?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ofishinmu zai tura ni kwas Amsterdam, babban birnin ƙasar Holland, kuma zan samu ƙarshen mako babu aiki. Kowa ce mini yake garin ba ya ganuwa sai a kan keke. To ni rabona da keke tun ina firamare, ga shi ba na fita sai da abaya. In yi haya ne, ko in rufa wa kaina asiri in bi taram, wato ƙaramin jirgin ƙasan nan na cikin gari? Waɗanda suka san garin ku taimaka.

Wata ɗaliba a Utrecht:
Wa alaikumus salam Anti. Abaya ba matsala. Ki nemi irin wanda suke kira omafiets: babu ƙarfen nan na tsakiya, sarƙarsa a rufe take, yawanci kuma akwai murfi a gefen tayar baya don kada riga ta shiga. Ki saka wando a ciki, ki ɗaure bakin mayafi. Abin da zai fi ba ki wahala burki ne. Da yawa daga kekunansu sai kin taka feda baya suke tsayawa, don haka ki ce wa mai haya na burkin hannu kike so.

Wani mazaunin unguwar Bijlmer a Amsterdam:
Hajiya, gaskiya ɗaya ce, kada ki fara daga tsakiyar gari. Jar hanyar nan ta keke ba wurin shan iska ba ce, mutane ne ke sauri zuwa aiki da kai yara makaranta, ba su da haƙuri da mai tsayawa ɗaukar hoto. Ki je lambun shaƙatawa na Vondelpark da sassafe ki yi ta zagaye har hannunki ya faɗa. Daga nan gidan tarihi na Rijksmuseum kusa ne, kuma hanyar keke ta ratsa ta ƙarƙashin ginin. Layin taram kuwa ki tsallake shi a gicciye, in kika bi shi a tsaye taya za ta faɗa ramin, sai ƙasa. Riƙe waya a hannu kana tuƙi laifi ne tun Yulin 2019, akwai tara.

Wani dattijo:
Ni dai 'yata da za ki ji tawa, da ƙafa da taram sun ishe ki. Unguwar Jordaan da bakin magudanan ruwan nan a ƙafa ake jin daɗinsu. Lafiya uwar jiki.

Mazaunin Bijlmer:
Baba, a Jordaan kam na yarda da kai. Amma akwai inda ƙafa ba za ta kai ta ba. A bayan babbar tashar jirgin ƙasa ta Centraal akwai jirgin fito kyauta da ake shiga da keke a haye ruwan IJ zuwa arewacin gari, can hanya ta fi sarari. Wanda na fi so shi ne bin gefen kogin Amstel zuwa ƙauyen Ouderkerk, kimanin kilomita 10, ba hawa ba gangara. Za ta wuce tsohon injin iska na Riekermolen, daga nan sai makiyaya da shanu. Iska ce kawai, in ta taso gaba-da-gaba dawowar tana cin gwiwa.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Sata fa? Sannan wurin salla?

Ɗalibar Utrecht:
Kwaɗo biyu za a ba ki, na tayar baya da sarƙa. Ki sa duka, ki ɗaure sarƙar a jikin ƙarfen ajiyar keke ko da ruwa za ki shiga saye, don in an ɗauke ke za ki biya. Salla kuma akwai masallacin Fatih a titin Rozengracht, cikin Jordaan, da kuma Westermoskee a unguwar De Baarsjes. Ki tafi da rigar ruwa ko da kin ga rana ta fito. In kin iso ki yi mini magana, Asabar ba ni da lacca, sai mu yi Amstel ɗin tare.