Neman kalmar Hausa: me za mu kira “brooder” na 'ya'yan agwagwa?

Uwar Ɗalibai, Gwale:
Assalamu alaikum. Iyayen da ke koyar da 'ya'yansu a gida suna haɗa darasin siffofi da kiwon 'ya'yan agwagwa: yara su auna, su zana, su gina wurin da za a ajiye su daga ƙyanƙyasa zuwa sati uku ko huɗu. Bature na kiran wurin “brooder”, masu kaji kuma suna cewa buroda. Darasin da Hausa ake yin sa, ga da'ira, ga kewaye, ga kusurwa, amma wannan kalma ɗaya ta tsaya mana. Yaro ɗan shekara tara in ya ji buroda ba ya sanin aikin abin. Malamai da masu kiwo, a taimaka mana da suna.

Mai Kiwo, Hotoro:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin a raɗa suna a san jaririn. Abu uku ne a haɗe: katanga mai tare iska, shimfiɗa a ƙasa, da abin ba da ɗumi a tsakiya. Satin farko ana son ma'aunin zafi ya nuna wajen digiri 32 a daidai tsayin bayansu, sai a riƙa rage kamar digiri 3 duk sati. Wanda ba shi da ma'auni ya kalli tsuntsayen: in sun cure a ƙarƙashin wuta suna kuka, sanyi ne, in sun watse jikin katanga baki buɗe, zafi ya yi yawa. Ni dai da “akurki” zan ce, tun da shi muka gada.

Malamin Hausa, Ƙofar Nasarawa:
Akurki shi kaɗai bai isa ba, Alhaji, don kazar da ta shekara biyu ma a akurki take kwana. Kada kuma a ce wurin kwanci ko na ƙyanƙyasa, wannan aikin ƙwai ne, kuma injin ƙyanƙyasa ya riga ya karɓi sunan. Hausa tana da hanyarta: sunan wuri kan zo kamar makaranta, majema, mahauta, sunan kayan aiki kuma kamar mabuɗi, magirbi, matsefi. Daga raino da sai a ƙera “maraina”, to amma kowa ya san kalmar tana da wata ma'anar da ba za a so a aji ba, a bar ta. Daga ɗumama kuwa muna samun “maɗumama” ga wurin, “maɗumami” ga abin da ke ba da ɗumin. Na fi karkata nan.

Malamar Lissafi, Tarauni:
Malam, kowane suna aka zaɓa, ina roƙon ya dace da abu mai zagaye, don siffar ita ce rabin darasin. Ba a yin wurin da kusurwa: in sanyi ko tsoro ya kama su sai su dunƙule a lungu, na ƙasa ya rasa numfashi. Ga yadda yara za su gina shi.

Fallen silin na katako mai lanƙwasuwa ƙafa 8 ne da ƙafa 4, wato kusan santimita 244 da 122. A tsaga shi gida uku ta tsawonsa, kowane ya fito da tsayin santimita 40 da 'yan kai. A ɗauki biyu, tsawonsu a haɗe 488. A ɗora bakin ɗaya kan ɗaya da santimita 24 a mahaɗa biyun, a huda a ɗaure da waya. An ci 48, saura 440, shi ne kewayen. Yanzu a tambayi yaro faɗin da'irar kafin ya auna: 440 a raba da 22 a ninka da 7, ya ba da 140. Sai ya kafa ƙusa a ƙasa, ya ɗaura igiya mai santimita 70 da alli a bakinta, ya zaga. In katangar ta hau kan zanen, ya ga lissafinsa da idonsa. Inda ake kuskure shi ne igiya mai talewa, ko a naɗe ta a jikin ƙusar tana gajarta yayin zagawa. A yi mata sako-sakon zobe.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne fili. Da'irar nan tana da murabba'in santimita 15,400. In aka lanƙwasa katangar nan ɗin dai ta zama murabba'i, kowane gefe 110, filin 12,100 ne kacal. Katako ɗaya, amma zagaye ya fi ɗaukar tsuntsaye. Bayan kwana bakwai zuwa goma sai a ƙara falle na uku: 732 a cire 72, kewaye 660, faɗi 210, fili 34,650. Katanga ta ƙaru da rabi, fili ya ninka fiye da biyu. Yaron da ya share wannan filin da hannunsa ba zai sake rikita kewaye da fili ba.

Mai Kiwo, Hotoro:
Malama, wannan awo ya yi wa guda ashirin daidai. Malam, ga matsalata da maɗumama. A hunturu, Disamba da Janairu, ɗumi ne babban aiki, dare na Kano yana kashe su. Amma a Afrilu da rana ta kai digiri 40, wanda ya ji sunan ya kunna wuta da azahar ya gasa su. A lokacin aikin wurin tsaro ne daga ɓera, mage da shaho, da hana su jiƙewa. Suna ya kamata ya ɗauki duka.

Jiƙewar ma ita ta fi kashe su. Ɗan agwagwan da ba ya tare da uwa gashinsa ba shi da maiƙon da ke tare ruwa, in ya shiga kwano ya jiƙe sharkaf sanyi ya kama shi. A ba su mazubin da baki zai nutse har hanci, jiki kuwa ba zai shiga ba, kuma kada a ba da abinci babu ruwa a kusa, busasshen gari yana shaƙe su. Shimfiɗa a zuba ɓawon shinkafa ko manyan ɓarzar katako irin ta 'yan katako na Na'ibawa, kaurin santimita 5 zuwa 8, a kwashe jiƙaƙƙen kullum. Jarida ko leda santsi gare su, ƙafafu su baje.

Ma'aikacin Lafiyar Dabbobi, Sharaɗa:
Na goyi bayan Alhaji. In ƙara uku. Ƙwan lantarki na zamani mai tsimin wuta haske kawai yake bayarwa, sai tsohon ƙwai mai zafi. In kaskon gawayi ne, a bari ya ruru a waje hayaƙi ya ƙare, a kewaye shi da raga, a bar taga a buɗe, domin gawayi na fitar da iska mai guba marar wari wadda ke kashe tsuntsu da mutum. Na biyu, sitatar kaji, wato abincin farko na 'yan tsaki, tana yi musu, amma agwagwa ta fi kaza buƙatar bitamin B3. In ya gaza ƙafafu su lanƙwashe, don haka a sa bitamin a ruwa. Na uku, kada a kusantar da su da ƙuli-ƙuli ko masarar da ta yi fumfuna, gubar cikinta tana lalata hantar ɗan agwagwa fiye da ta ɗan tsako. Masu sa ƙwai su lura: ƙwan agwagwarmu ta gida kwana 35 yake yi kafin ƙyanƙyasa, ba 28 na irin turawa ba, kada a haɗa wurin a kunna wuta sati guda kafin lokaci.

Malamin Hausa, Ƙofar Nasarawa:
Hujjar Afrilu ta karɓu, Alhaji. To a haɗa taka da tawa: wurin gaba ɗaya “akurkin raino”, jam'i akurkan raino. Mai sayar da abincin kaji zai gane shi ba tare da bayani ba, kuma raino ya ƙunshi ɗumi, ci, sha da tsaro. “Maɗumami” ya tsaya ga kasko ko ƙwan lantarki kaɗai, abin da ake sawa a cire. Aikin kansa, da suke cewa burodin, rainon 'yan tsaki ne ko rainon 'ya'yan agwagwa. Sai dai a gaya wa yara wannan akurkin buɗaɗɗe ne, raga ake rufa masa, ba a toshe shi kamar na ƙasa.

Uwar Ɗalibai, Gwale:
Allah Ya saka da alheri, Malamai. An tsaya a kan akurkin raino da maɗumami. Malama, a takardar aikin yara za a rubuta: “Auna kewayen akurkin raino, ka nemo faɗinsa, ka sa maɗumami a inda ƙusar ta tsaya.” Mazubin ruwa kuma a nesa da shi, jikin katanga.