Na girka requests sau uku, Python ya ce bai san shi ba

Rukayya (Agege): Assalamu alaikum. Don Allah a taimaka min, tun bayan Magariba nake abu ɗaya. Ina rubuta ɗan shirin Python da zai riƙa ɗauko farashin albasa da tattasai daga shafin yayana da ke harka a kasuwar Mile 12 a Legas. Layi huɗu ne kacal, amma ina dannawa sai ya jefo min wannan:

AttributeError: partially initialized module 'requests' has no attribute 'get'

Na cire requests, wato laburaren ɗauko bayanai daga shafukan intanet, na sake girkawa har sau uku, datata sai zurarewa take.

Usman (Yaba): Wa alaikumus salam. Dakata da ƙona data tukuna. Wane suna kika sa wa fayil ɗin naki?

Rukayya: requests.py, tunda darasin da nake kai kenan.

Usman: To ai ɓarawon a cikin gida yake 😂 Idan kika ce import, Python ba ya zarcewa wurin da pip, wato mai girka laburare, ya ajiye kaya. Yana da jerin wuraren da yake bi ɗaya bayan ɗaya, sunansa sys.path. Na farko shi ne foldar da fayil ɗinki yake ciki, sai abin da ke cikin PYTHONPATH in an sa, sai laburaren da ya zo da shi, sannan site-packages, ma'ajiyar pip, daga ƙarshe. Duk inda ya fara cin karo da sunan, nan zai tsaya. Kin aike shi ya kira requests, yana buɗe ƙofa ya tarar da fayil ɗinki mai wannan suna, ya kamo shi ya kawo miki. Fayil ɗin kansa yake shigo da kansa. Ki mayar da shi farashi.py.

Malam Bashir (Idi-Araba): Haka yake. Ɗalibaina duk shekara sai wani ya yi random.py ko json.py, ya zo yana rantsuwa kwamfutar ce ta lalace. Abin da nake koya musu tun ranar farko: a rubuta print(requests.__file__) bayan layin import. Zai nuna ainihin inda ya ɗauko abin. In kika ga hanyar ta faɗa foldar aikinki ba site-packages ba, magana ta ƙare. Python 3.13 ma da kansa yake cewa a canja sunan fayil, amma yawancinmu tsofaffin Python muke riƙe da su.

Habu (Ikeja): Ki goge foldar __pycache__ ma, wadda Python yake ajiye kwafin fayiloli a ciki, Anti.

Usman: Ba laifi in ta goge, amma a Python 3 in babu fayil ɗin asali ba ya kula abin da ya rage a wannan foldar.

Rukayya: Na canja. Yanzu kuma wani ne sabo: ModuleNotFoundError: No module named 'requests'. Innalillahi. Ni da na girka sau uku?

Malam Bashir: Kin girka, amma a gidan wa? Ina kyautata zaton Python biyu ne a kwamfutar. Pip yana kai wa ɗaya kaya, ke kuma kina aiki da ɗayan. Da can fayil ɗinki ne ya rufe wannan asirin. Windows ce?

Rukayya: Eh Malam. Ta hannu ce, a Computer Village aka saya min.

Malam Bashir: Rubuta py -0 ki ga nawa ne. Sannan a cikin shirin ki sa import sys, ki buga sys.executable.

Rukayya: Biyu ne wallahi, 3.9 da 3.12. VS Code, inda nake rubuta shirin, yana kan 3.12, pip kuma ya nuna 3.9.

Habu: Abu mai sauƙi. Ki kwafo hanyar site-packages ta 3.9 ki sa sys.path.append a saman fayil. Ni haka nake yi wa kwastomomi, minti ɗaya an gama.

Usman: Habu, wannan gyaran bakin titi ne. Da requests zai iya wucewa, amma ranar da ta ɗauko laburare irin su pandas ko numpy, waɗanda ake haɗa wa kowane Python nasa, zai watse mata a hannu. Kuma in ta tura wa yayanta shirin, wannan hanyar babu ita a kwamfutarsa.

Habu: Kai dai ɗan Yaba komai sai an bi littafi. Amma na yarda, na taɓa shan wahalar numpy ɗin nan.

Zainab (Obalende): 'Yar uwa, ni shawarata ki daina kiran pip shi kaɗai. Ki riƙa cewa py -3.12 -m pip install requests, kin ga ke kika zaɓi wanda za a kai wa. Mafi alheri kuma ki yi wa kowane aiki ɗakinsa: py -3.12 -m venv .venv a cikin foldar, sai ki danna Ctrl+Shift+P a VS Code, ki nemi Python: Select Interpreter ki zaɓe shi, sannan ki girka requests a cikinsa. Ni sai da na koma Ubuntu 24.04, pip ya ƙi girka min komai a waje yana cewa externally-managed-environment, sannan na saba dole. Kuma tunda shafi za ki karanta, gaba za ki nemi BeautifulSoup, laburaren da ke tsamo bayanai daga cikin shafi. Girka shi da beautifulsoup4 ake yi, amma a import bs4 ne sunansa. Pillow ma haka, PIL ake kiransa. Wannan ya cinye min yini guda cur.

Rukayya: Alhamdulillah ya yi! Da venv ɗin na bi. Ga farashin yana fitowa, sai dai alamar naira ta koma wasu irin haruffa. Allah ya saka muku da alheri, Malam na gode ƙwarai.

Usman: Wannan encoding ne, wato yadda kwamfuta take fassara haruffa, wata rigimar daban. Ina cikin danfo a Oshodi caji ya kusa mutuwa, turo hoton in duba in na isa gida.