Hilux mai injin 22R: takalmin taimin cen ya karye, shi kaɗai zan canza?

Direba daga Gumel:
Assalamu alaikum iyayen gidana. Tsohuwar Hilux ce mai injin 22R na kabureta, da ita ake lodin buhuna zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Da farko in an tayar da ita da safe sai a ji karaf-karaf ta gaban inji, ya ɗan jima ya ɗauke. Yanzu ko a silo ƙarar ba ta ɗaukewa. Mun buɗe murfin sama muka haska tocila, sai ga takalmin robar da sarƙar inji, wato taimin cen, ke bi ta ɓangaren direba ya karye, guntu kawai ya rage a jikin noti. A cikin murfin gaba kuma akwai zane biyu masu ƙyalli. Baƙin mai bai canza kala ba. Takalmin kaɗai zan saya? Kuma dole ne a sauke tof silinda?

Bakanike, Ringim:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai, ajiye motar, kada ta ƙara lodi ko na buhu ɗaya.

Zanen nan biyu sarƙa ce take saran murfin. Murfin alminiyam ne, kuma daidai bayan wurin hanyar ruwan watafam take. Ranar da ta huda shi ruwan lagireto zai gangara cikin mai, ka zaro sandar awo ka ga kamar shayi da madara, daga nan sai metal ya tafi, inji ya buga. In kuma sarƙar ta tsallake haƙori, fistin zai iya haɗuwa da bawul. Tunda man naka bai canza ba, ka auna arziki.

Takalmin ba shi ne tushen ciwon ba. Tenshinar injin nan, wato abin da ke danne sarƙa kada ta saki, da ƙarfin mai take aiki. Idan sarƙa ta miƙe, kafin mai ya hau da safe sai ta riƙa dukan robar, robar kuwa zafi ya riga ya busar da ita, sai ta tsage. Ka sa sabon takalmi kan tsohuwar sarƙa, gobe ma haka za a yi. Sai saiti guda: sarƙa, gurasa (giya mai haƙora da sarƙa ke hawa) ta sama da ta ƙasa, tenshina, takalma biyu, oyil sil na gaba, zoben robar famfon mai, gaskit na murfi da na watafam, gam, sabon mai da filta.

In ka shiga kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano neman takalmin, ka ce musu danfa, sunan da suka fi sani ke nan. Ka tafi da tsohuwar sarƙa a hannu a ƙirga a gabanka, domin injin 1985 zuwa sama gaɓa 96 ne, na kafin nan 98, ba sa shiga juna. In ka samu takalmi mai bayan ƙarfe, shi za ka ɗauka ko da ya fi tsada. Wannan ba wurin sa kayan Beljiyam ba ne, tsohuwar roba tsohuwa ce ko daga ina ta zo.

Mai gareji, Ɗambatta:
Oga na Ringim ya gama magana kan kaya, bari in ɗora da aikin.

Cire kan batir, juye ruwa da mai, sauke lagireto, fanka da fanbel. Juya inji fistin na ɗaya ya zo sama a kan matsi, alamar fuli a kan sifiri. Yi wa distirbita alama kafin ka zare ta. Notin fuli mai lamba 19 yana da taurin kai, sa motar a giya, a taka birki, ka ja da dogon bututu.

Ga inda ake fasa murfi: akwai noti ɗaya mai lamba 12 a gaban tof silinda, ƙarƙashin gurasar sama, yana nutse cikin mai ba a ganinsa. Daga sama ya sauka ya kama murfin gaba. Tsane man da tsumma za ka gan shi. Wanda bai san da shi ba sai ya sa ƙarfe ya ɓanɓara, murfi ya dare. Notukan murfin kuma tsawonsu ba ɗaya ba ne, zana siffar murfin a kwali ka soka kowanne a gurbinsa.

Kaskon mai dole ya sauka, wannan ba na sassauci a kansa. Guntayen robar da ka rasa suna can ƙasa, kuma rariyar famfon mai suke toshewa. A wanke kasko da rariya da kananzir tas.

Wajen ɗaurawa, kiin kiranshaf na kallon sama, ɗigon ƙaramar gurasa na kallon ƙasa. Sabuwar sarƙa tana da gaɓoɓi masu haske, su za ka daidaita da ɗigon gurasar ƙasa da na ta sama. Sarƙar ta ɓangaren direba ta zama a miƙe, sakin ya koma wajen tenshina. Notukan tenshina kada su wuce Nm 19 (Nm shi ne awon ƙarfin ɗaurin noti), in ka danne su da ƙarfi tana iya cijewa ta daina fitowa. Gurasar sama Nm 78, fuli Nm 157. Cika cikin famfon mai da basilin don ya ja mai nan take, ka shafa gam a notinsa na sama domin cikin inji ya ratsa.

Kafin ka sa makulli, juya inji da hannu zagaye biyu. In ya cije, tsaya, taimin bai zauna ba.

Maganar tof silinda, ana yi ba tare da an sauke shi ba. Amma bakin gaskit ɗinsa ya leƙo saman murfin, sai ka shigar da murfin a hankali kada ya naɗe shi, ka sa gam kaɗan a kusurwoyin.

Tsohon bakanike, Haɗeja:
Yarana, kun yi ƙoƙari, amma ni a kan tof silinda ina da ja. Injin da ya kai wannan shekaru, gaskit ɗinsa ya gaji. In ya taɓa yin zafi, ko yana cin ruwa, sauke shi a wuce wurin. Notukansa goma, a kwance daga gefe zuwa tsakiya, a ɗaure daga tsakiya zuwa gefe, hawa uku har Nm 78. A share ramukan notin, mai ko ruwa in ya kwanta ciki awo ƙarya zai ba ka.

Shi kuma murfin, ɗana, sa farce a zanen. In sama-sama ne, mayar da abinka. In ya yi rami, haska tocila ta hanyar ruwan ka duba, kada ka yarda da liƙin gam a wurin. Ko a yi masa waldar alminiyam, ko ka nemi wani lafiyayye.

Direba daga Gumel:
Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma Baba. Farce yana kamawa amma bai huda ba. Bayan an haɗa, akwai abin da za a sake dubawa?

Mai gareji, Ɗambatta:
Tunda farce na kamawa, bi shawarar Baba, nuna wa mai walda. Bayan an haɗa, tayar ka zuba wa fitilar mai ido, in ba ta mutu cikin 'yan daƙiƙu ba kashe injin. Idan ya yi zafi saita bawul, na shan iska milimita 0.20, na hayaƙi 0.30, sannan a daidaita wuta a distirbita. Kwana biyun farko, kowace safiya zaro sandar mai ka duba kalarsa, ka leƙa ruwan lagireto ko ya ragu.