Wane Suna Za Mu Raɗa wa "Draft" na Ƙwallon Amurka?

Masu fassara da masu rubuta labarin wasanni, ina so mu tsayar da magana a kan wata kalma da ke shigowa rubutunmu a karkace, wato abin da Amurkawa ke kira "draft" a gasar NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka. A tarihin 'yan wasa da dama da aka fassara aka zuba a intanet, za ku ga an rubuta cewa an zaɓi wane "a daftarin NFL na shekara kaza". Daftari a wurin Bahaushe takarda ce, rubutun farko da ake bi a gyara kafin a sa hannu, kamar daftarin kasafin kuɗi ko na kundin tsarin mulki. Kalmar Turancin tana ɗauke da wannan ma'anar, amma ba ita ake nufi a nan ba, shi ya sa mai karatu ke tashi da hoton takarda a ransa, alhali taro ne na kwana uku da ƙungiyoyi ke raba matasan 'yan wasa a tsakaninsu.

Kafin mu raɗa suna, mu duba abin da kansa. NFL tana da ƙungiyoyi 32, kuma babu mai faɗawa ƙaramin rukuni ko da ta ƙare a ƙasan tebur. A ƙarshen watan Afrilu na kowace shekara ana zama, a jero matasan da suka fito daga wasannin jami'o'i, waɗanda suka yi aƙalla shekara uku da gama sakandare, sai ƙungiyoyi su riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya har zagaye 7. Wadda ta fi kowa shan kaye a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓa, wadda ta ci kofin Super Bowl kuwa, wato wasan ƙarshe na gasar, ita ce ta ƙarshe. Ba a biyan jami'a ko sisi, kuma yaron ba shi da ta cewa game da inda zai je, domin ƙungiyar da ta ambaci sunansa ita kaɗai ke da ikon ƙulla kwantiragi da shi. Bert Bell, mai ƙungiyar Philadelphia Eagles, shi ya kawo shawarar a 1935 saboda ƙungiyoyi masu kuɗi suna kwashe duk wani gwani, aka kuma fara a watan Fabrairun 1936. Mu da muka ga Kano Pillars ta faɗa ƙaramin rukuni a 2022, wannan tsari baƙo ne a wurinmu: a nan rashin nasara kora yake jawowa, a can kuwa shi ke ba ka fifiko a kan sauran.

Abin da ya sa nake ganin kalmar tana buƙatar kulawa shi ne, rabin hirar magoya baya a tsakanin Janairu da Afrilu a kanta take, kuma misalin Chicago Bears ya ishe mu. A watan Maris na 2023 Bears ce ke riƙe da damar zaɓin farko, sai manajanta Ryan Poles ya miƙa wa Carolina Panthers, ya karɓi ɗan wasa DJ Moore, da damar zaɓi ta 9 da ta 61 a shekarar, da damar Panthers ta zagayen farko a 2024, da ta zagaye na biyu a 2025. Panthers ta ɗauki Bryce Young, sannan ta ci wasa 2 kacal ta sha kaye a 15, ta zama ta ƙarshe a gasar baki ɗaya. Da haka zaɓin farko na 2024 ya sake faɗowa hannun Bears, ita da ta ci wasa 7 ta rasa 10.

Daga nan magoya bayanta suka rabu gida biyu, aka shafe watanni ana ja-in-ja. Ƙungiyar tana da Justin Fields a matsayin kwatabak, wato mai jefa ƙwallo da ke jagorantar hari, wanda ta ɗauka na 11 a 2021. Wasu suka ce a riƙe shi, a sake musayar zaɓin farkon da tarin damammaki, a kewaye shi da gwanaye irin su Marvin Harrison Jr. A wasan gida na ranar 31 ga Disamban 2023 a filin Soldier Field, 'yan kallo sun yi ta rera sunansa suna neman a bar musu shi. Wasu kuma suka ce a ɗauki sabon kwatabak, Caleb Williams na jami'ar USC, kuma hujjarsu ta kuɗi ce. Gasar ta ƙayyade abin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi, dala miliyan 255.4 a 2024, sannan tun 2011 an ƙayyade albashin sabbin shiga. Kwantiragin Williams na shekara huɗu dala miliyan 39 da ɗoriya ne gaba ɗaya, a lokacin da manyan masu riƙe da wannan matsayi ke karɓar sama da miliyan 50 a shekara guda, Fields kuwa ya kusa cinye shekarunsa na araha. A tsakiyar Maris aka tura Fields zuwa Pittsburgh Steelers a kan damar zaɓi ta zagaye na shida, ranar 25 ga Afrilun 2024 kuma, a birnin Detroit, shugaban gasar Roger Goodell ya hau dandamali ya karanta sunan Williams. A lamba ta 9 Bears ta ƙara da Rome Odunze, wanda mahaifinsa ɗan asalin Najeriya ne.

Ku gwada ba da wannan labarin da kalmar daftari ku ga inda za ku tsaya. Ta yaya za a ce an yi musayar daftarin baɗi da ɗan wasa?

Kalmar da ta fara zuwa bakin mutane ita ce kasuwa, domin mun saba da "kasuwar saye da sayar da 'yan wasa" a ƙwallon Turai. Ban yarda da ita ba. Lokacin da Ahmed Musa ya bar CSKA Moscow zuwa Leicester a 2016, an yi ciniki, an biya kuɗi, shi ma ya amince kafin ya tafi. A abin da muke magana a kai babu farashi, babu tayi, babu sallamawa. Ƙari a kan haka, NFL tana da abin da ya fi kama da kasuwa, wato lokacin da ake buɗewa a watan Maris domin 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare su tafi inda aka fi ba su tsoka. Idan muka kashe kalmar kasuwa a kan taron Afrilu, me za mu kira na Maris?

Zaɓe ma yana da matsala, domin kunnen mai sauraro ya riga ya ɗaure shi da akwati da ƙuri'a da 'yan takara. "Zaɓen NFL" zai sa a ɗauka shugabannin hukumar ake zaɓa. Ƙuri'a kuma tana nuna sa'a, alhali jerin NFL daga sakamakon wasa yake fitowa. A gasar ƙwallon kwando ta NBA ne ake jefa ƙuri'a a fitar da masu fara zaɓa, tun 1985, don haka mu ajiye kalmar domin can. Rabo ya ɗan matso kusa, sai dai a rabo wani ne ke kasawa ya miƙa maka, a nan kuwa kai ne ke miƙa hannu ka ɗauki wanda ranka ya kwanta da shi.

Shawarata ita ce ɗiba. Cikakken suna, a karon farko da za a ambata a labari: ɗiban 'yan wasa bi da bi. Daga nan sai a taƙaita a ce ɗiban NFL, ɗiban bana, ɗiban 2024. Dalilina na farko shi ne Hausa ta riga ta sa kalmar a aikin ɗaukar mutane daga cikin taro, domin muna cewa ana ɗiban sojoji, ana ɗiban 'yan sanda, ana ɗiban ma'aikata, kuma duk wanda ya ji ya san matasa ne ke jira a kira sunayensu su shiga aiki. Na biyu, tana haifar da 'ya'ya ba tare da an matsa mata ba. Waɗanda aka ɗauka shekara guda su ne 'yan ɗiba ɗaya. Wanda ba a kira sunansa ba har aka tashi, ɗiba ya tsallake shi. Jerin da masana da magoya baya ke ta wallafawa tun kafin ranar, suna cewa wance za ta ɗauki wane, shi ne hasashen ɗiba. "Bi da bi" kuwa shi ke riƙe da abin da ya bambanta wannan tsari da kowane irin ɗaukar aiki, wato layi.

Saura kalmar da ta fi wuya, wadda Turawa ke cewa "pick". Tana nufin abu biyu: yaron da aka ɗauka, da kuma damar ɗaukar tun kafin a san wanda za a ɗauka. Ta biyun ce ake musaya da ita. Duk wanda ya san adashi ya san wannan, domin mace takan ce wa 'yar'uwarta ta ba ta ɗaukarta ta wannan wata saboda biki ya taso, ita kuma ta karɓi tata daga baya. Kuɗin bai zo ba tukuna, amma layin kansa abu ne mai daraja da ake iya bayarwa. Ina ganin gurbi ya dace da wannan, kamar yadda muke cewa gurbin karatu: gurbin farko, gurbi na 9, gurbin zagaye na biyu na baɗi. Yaron kuwa zaɓi ne, sai a ce Williams shi ne zaɓin farko na ɗiban 2024.

Wasunku sun riga sun ba da amsa kan wannan shawara, na kuma karanta, biyu daga ciki suna buƙatar a tsaya a kansu: ta wani Malam da ta wata Hajiya.

Malam, kai da ka ce ɗiba ba ya tafiya da mutum ɗaya, gaskiyarka. Ana ɗiban ruwa, ana ɗiban hatsi, ana ɗiban mutane da yawa, amma babu mai cewa an ɗebi Caleb Williams. Sai dai ban nemi a yi amfani da aikatau ɗin a kan ɗan wasa guda ba. Ɗiba sunan taron ne, wanda a 2024 aka kira sunaye 257 a cikinsa. Idan aka zo kan mutum ɗaya sai a koma ga ɗauka ko zaɓa: New England Patriots ta ɗauki Tom Brady a gurbi na 199, zagaye na shida, a ɗiban 2000. Kansas City Chiefs ta ɗauki Christian Okoye, haifaffen Inugu, a zagaye na biyu na ɗiban 1987. San Francisco 49ers ta ɗauki Brock Purdy a gurbin ƙarshe, na 262, a ɗiban 2022, ga shi kuma ya kai ta wasan Super Bowl a Fabrairun 2024. Ka karanta su da ƙarfi, Malam, ka ji ko akwai inda harshe ya sarƙe.

Hajiya, ke kuma kin ce mu ari kalmar kawai mu rubuta "diraf", tunda mun ari fenariti da kwana da ofsayid ba mu ga illa ba. Ba na ƙin aro, kuma na yi shi a sama da na rubuta kwatabak, domin matsayi ne da ba mu da makamancinsa. Amma fenariti ya zauna ne saboda yaro yana ganinsa da idonsa a filin unguwa, kalmar ta zo tare da abin. Ɗiban NFL kuwa mafi yawan masu karatunmu ba su taɓa kallonsa ba, don haka aron ba zai gaya musu komai ba, sai an biyo shi da bayani kowane lokaci. Ban da haka, diraf ya riga ya sami masu shi a bakin mutane: akwai wasan da ake bugawa a kan allo a gindin bishiya, akwai kuma takardar banki. Ɗora masa kaya na uku zai mayar da mu ruɗanin da muke gudu.

Ina so in ƙara jan hankali a kan hasashen ɗiba, domin a nan ne fassara marar kyau ta fi yin ɓarna. Wanda ya ga an rubuta "daftarin gwaji" zai ɗauka ƙungiya ce ta fitar da takardar shirinta, alhali kintace ne na mutanen waje, kuma yakan sha ƙasa. A 2025 hasashe da yawa sun sa Shedeur Sanders a zagayen farko, amma sai a zagaye na biyar Cleveland Browns ta ɗauke shi, a gurbi na 144. Kalmar hasashe tana gaya wa mai karatu tun daga kanun labari cewa abin bai tabbata ba, kuma wannan haƙƙinsa ne a kanmu.

Sauran kalmomin da ke kewaye ba su da wahala. Lokacin da ba a wasa hutun kaka ne, kamar yadda muka saba faɗa. Jerin 'yan wasan ƙungiya yakan kai 90 a lokacin hutun, a tankaɗe shi zuwa 53 a ƙarshen Agusta. Gwajin gudu da tsalle da ɗaga ƙarfe da ake yi wa matasan a Indianapolis a ƙarshen Fabrairu, tantancewa ce kafin ɗiba.

Inda nake neman taimakonku shi ne gurbi, domin wasu masu sharhi suna amfani da shi wajen nufin wurin da ɗan wasa ke tsayawa a fili, kamar a ce ƙungiya tana neman wanda zai cike gurbin mai tsaron baya. A labarin Bears ma'anonin biyu suna iya haɗuwa a jimla guda: ta yi amfani da gurbin farko ta cike gurbin Fields. Abin da nake yi a nawa rubutun shi ne in ce gurbin ɗiba a duk inda ake iya ruɗewa, in bar matsayi ga wurin tsayuwa a fili. Masu gabatar da labarin wasanni a rediyo, ku da kuke jin yadda kalma ke sauka a kunnen jama'a, ku gwada wannan jimlar a bakinku ku faɗa mana ko ta wuce, ko kuwa "layi" ya fi "gurbi" sauƙin kamawa.