Wane manifol ne ya dace da injin V8 na Chevelle ƙirar 1970?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina kan farfaɗo da wata Chevrolet Chevelle ƙirar 1970 mai injin V8 na 350 (wato girmansa inci kubik 350), kuma aikin ya iso kan manifol ɗin da ke raba iska da fetur daga kafireta zuwa silinda takwas. Na asalin na baƙin ƙarfe ne mai nauyi, ina son in maye gurbinsa da na alminiyam. Wasu sun ce in sa mai ɗaki ɗaya (ɗaki shi ne sararin da ke ƙarƙashin kafireta inda hanyoyin silinda ke haɗuwa) irin Victor Jr. na kamfanin Edelbrock domin shi ne mai ƙarfi, wasu kuma sun ce mai ɗaki biyu irin Performer ya fi. Kamshaf ɗin, wato sandar da ke buɗe bawuloli, bai yi nisa da na kamfani ba, kuma a titi za a riƙa hawan motar, ba a filin tsere ba. Don Allah masana su haska mini.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Malam, tunda ka ce motar titi ce, mai ɗaki biyu shi ne naka, ga kuma dalili. A injin V8 kowace silinda tana zuƙar iska ne bayan karanshaf ya juya digiri 90 daga wadda ta gabace ta, tsarin tashin wuta na ƙaramin injin V8 na Chevrolet irin naka kuwa shi ne 1-8-4-3-6-5-7-2. Manifol mai ɗaki biyu ya raba cikinsa da katanga, ɓangare ɗaya yana ciyar da silinda 1, 4, 6 da 7, ɗayan kuma 8, 3, 5 da 2, saboda haka kowane ɓangare sai bayan digiri 180 ake zuƙa daga gare shi. Wannan tazarar ita ke sa zuƙar ta isa kafireta da ƙarfi kuma a tsabtace, fetur ya fesu sosai ko da injin yana silo, motar ta amsa da zarar ka taɓa totur. Ka lura kuma cewa silinda 5 da 7 maƙwabta ne, kuma a jere suke tashi. A ɗaki ɗaya suna iya yi wa juna ƙwacen iska, a ɗaki biyu kuwa an raba su.

Mai ɗaki ɗaya yana da gajerun hanyoyi miƙaƙƙu, ba ya nuna bajintarsa sai injin ya hau sama. Edelbrock da kansu sun ce Victor Jr. na juyi 3,500 zuwa 8,000 ne a minti, Performer kuwa daga silo zuwa 5,500. Injin da ke da kamshaf irin naka ba zai kai inda Victor Jr. ke amfani ba, sai dai ka yi asarar ƙarfin tashi a banza.

Amsa ta biyu:
Na yarda da Malam na sama, amma ina ganin tsawon hanyoyin ya cancanci a tsaya a kansa fiye da haka. Idan bawul ya rufe, iskar da ke tafe da gudu tana karo da shi, matsinta ya koma baya ta cikin hanyar, ya sake dawowa. In dawowar ta dace da lokacin da bawul ɗin ya sake buɗewa, silinda za ta cika fiye da yadda fistin kaɗai zai iya cika ta. Doguwar hanya tana dacewa da ƙaramin juyi, gajeriya da babba. Injiniyoyin Chrysler sun nuna wannan a fili a 300F ta 1960, inda suka ba injin 413 hanyoyi masu tsawon inci 30 da suka gitta saman injin, kafiretar dama tana ciyar da silindojin hagu, ta hagu kuma na dama, har ƙarfin jan ya kai ƙololuwa a juyi 2,800 kacal.

Inda na ɗan bambanta shi ne, kada a ɗauka mai ɗaki biyu ba ya gudu. Camaro Z/28 ta 1967 zuwa 1969, wadda injinta na 302 ya yi suna wajen juyi mai yawa, da dogon manifol na alminiyam mai ɗaki biyu ta fito daga kamfani. Don haka in kana da niyyar canza kamshaf nan gaba, ka duba Performer RPM, wanda aka tsara don 1,500 zuwa 6,500.

Amsa ta uku:
Ranka ya daɗe, kafin ka saya ka tabbatar da wane tof ne a kan injin, domin tsofaffin motocin nan sau da yawa an taɓa canza musu kaya. Tof na asali yana ɗaukar ƙusoshin ɗaure manifol 12, na injin Vortec na Chevrolet da ya fito a 1996 kuwa 8 ne, kuma manifol ɗin ɗaya ba ya hawa ɗayan. Haka nan gindin kafireta: kafireta ƙirar Quadrajet tana da ƙananan ramuka biyu a gaba da manya biyu a baya, yawancin kafiretocin Holley kuwa ramukansu huɗu kusan daidai suke. Performer na yau da kullum yana karɓar duka biyun.

Performer RPM ya fi tsawo, saboda haka ka ɗora dunƙulen yumɓu a kan murfin matatar iska, ka rufe bonet a hankali, ka buɗe ka auna kaurin da ya rage. Ni dai ba na son a toshe hanyar zafin salansa da ke bi ta ƙarƙashin ɗakin a motar titi, musamman inda ake sanyi, domin ita ke hana fetur kwanciya a ƙasan manifol da safe. Wajen ɗaurawa kuma, ka yi wa distiributa alama kafin ka zare ta, sannan a bakin gaba da na baya ka ja layin silikon mai kauri maimakon robar da ke zuwa da gaskit, domin robar kan zame ta bar mai yana yoyo.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba tof ɗin, mai ƙusoshi 12 ne, kuma Quadrajet ɗin asali tana nan lafiya, saboda haka Performer zan ɗaura, in bar hanyar zafin a buɗe.