Taƙaitawar shawarwari kan kafa rumfa a baje kolin IMEX na Frankfurt

Ga abin da aka tattaro game da wannan baje koli na masu shirya taruka, wanda ake yi a Jamus cikin watan Mayu.

1. An haɗu a kan cewa a tsara ganawa da masu saye tun kafin ranar buɗewa, domin yawancinsu da jadawali cike suke zuwa, kuma da wuya su tsaya inda ba su yi alkawari ba.

2. A nemi biza da masauki da wuri.

3. Ra'ayi ya rabu kan rumfa: wasu sun ce ƙaramin kamfani ya raɓu da rumfar ƙasarsa don rage kuɗi, wasu kuma suna ganin sunansa zai ɓace cikin taro. A ganina, ra'ayin farko ya fi dacewa da sabon shiga.